Shekarar Toka: Yadda Sayyidina Umar Ya Tari Yunwa A Madina

  

A daren 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya auka wa birnin Maiduguri mutane suna barci. Kafin hantsi ya shiga unguwar Gwange, ya shiga babbar kasuwar birnin, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Jami'a, ya rushe katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka fice. Mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Attajirin da ya kulle shagonsa cike da buhuna da magariba ya wayi gari yana bin layin dafaffen abinci a sansani, shi da ɗan dakon da yake yi masa lodi.

A zaman jaje da aka yi ta yi a masallatai da zauruka da ofisoshi, kalmar da muka fi ji ita ce, ikon Allah ne. Gaskiya ne kuwa, babu Musulmin da zai ja da wannan. Amma akwai wani abin da shi ma gaskiya ne, wanda ba a cika ɗaga murya a kansa ba, watau wannan madatsar dai ita ce ta yi wa Maiduguri ambaliya a watan Satumba na 1994. Shekara 30 cif ke nan tsakani. Jaririn da aka goya aka tsallake ruwan farko da shi, shi ne magidancin da ya saɓa nasa ɗan a kafaɗa a ruwa na biyu. To, me aka yi da shekarun nan 30?

Wannan tambaya ce ta mai da mu ga littattafan tarihi, domin mu ga yadda mutanen da suka fi mu sanin ikon Allah, suka fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, suka yi sa'ad da bala'i ya sauko musu. Nasu bala'in rashin ruwa ne, namu yawansa, amma yunwa da rashin matsuguni da cuta da ke biyo bayan kowannensu iri ɗaya ne.

Fari ya sauka a Hijaz

A ƙarshen shekara ta 17 zuwa cikin ta 18 bayan Hijira, daidai da 639 Miladiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ruwa ya ɗauke a ƙasar Hijaz har wata tara. Ƙasa ta ƙone ta yi baƙi, iska tana ɗauko ƙura mai kama da toka tana watsa wa mutane, shi ya sa Larabawa suka raɗa wa shekarar suna Amur Ramada, watau Shekarar Toka. Raɗa wa yunwa suna ba baƙon abu ba ne gare mu, domin kuwa kakanninmu sun kira ta 1914 Ƙaƙalaba, ta 1942 kuma 'Yar Gusau, kuma ba a raɗa wa shekara suna sai ta bar tabo. Masu tarihi sun ce abin ya kai namun daji suna gangarowa cikin mutane neman abin ci, mutum ya yanka akuyarsa ya kasa cin naman saboda munin ramarta, waɗansu har suna tona ramukan ɓeraye suna neman abin da ke ciki.

Larabawan ƙauye, waɗanda dukiyarsu duka raƙuma ne da tumaki, da suka ga dabbobi sun ƙare, sai suka ɗebo mata da yara suka nufi Madina daga kowace kusurwa, suka yi sansani kewaye da birnin. Madina kuwa a lokacin ba wani babban birni ba ne, abin da take nomawa dabino ne da 'yar sha'ir. Halifa ya buɗe baitulmali ya yi ta ciyarwa har abin da ke ciki ya ƙare.

A nan ne muke so ma'aikatan Gwamnati daga cikin masu karatu su kasa kunne, domin abin da Sayyidina Umar ya fara yi aiki ne irin nasu. Ya raba sansanin nan yanki-yanki, ya naɗa mutum huɗu, kowa da yankinsa, daga cikinsu akwai Miswaru ɗan Makhrama da Abdullahi ɗan Utba ɗan Mas'udu. Da rana suna rabon abinci, da maraice kuma su taru a gabansa kowa ya faɗi abin da ya gani. Wani dare bayan an gama cin abinci sai ya ce a ƙidaya masa waɗanda suka ci a wurinsa. Aka ƙidaya aka sami mutum 7,000. Bai tsaya nan ba, ya ce a je a ƙidaya waɗanda ba su iya zuwa, watau mata da yara da marasa lafiya da ke kwance cikin bukkoki. Aka sami 40,000. Bayan 'yan kwanaki, da ya ga mutane sun ƙaru, ya sa aka sake ƙidaya, masu zuwa suka zama 10,000, na cikin bukkoki 50,000. Bawansa Aslam ne ya ba da wannan labari, Ibn Sa'ad kuma ya kawo shi cikin littafinsa na Ɗabaƙat.

A dubi lissafin nan da kyau. Waɗanda suke iya tasowa su zo wurin rabo ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mabukata ba. Da Halifa ya dogara ga taron da idonsa ya gani, da ya yi tsammanin aiki ya kammala alhali mutum 40,000 suna kwance ba wanda ya san da su. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon kayan agaji a ƙasar nan ya san wane ne ke samun buhu: ƙaƙƙarfan saurayi mai iya kutsawa, da mai ɗan'uwa a cikin kwamiti. Tsohuwa da mai jego da makaho suna can inda ruwa ya yar da su. Mun kuma san irin jerin sunayen da akan zauna a ofis a cike, wanda ba a taka ƙafa an je ko'ina ba, a aika da shi sama, a karɓo kaya da sunan mutanen da babu su. Sayyidina Umar ya ƙidaya, ya sake ƙidaya, kuma masu ƙidayar suna tsayawa gabansa kowane dare.

Tun da asuba ake ɗora tukwane. Wanda ya iya zuwa ya ci a wurin, wanda bai iya ba a aika masa da gari da dabino da mai wata-wata, a duba marasa lafiya, a ba da likkafani ga wanda ya rasu, sau da yawa Halifa da kansa yake yi musu salla. Abu Huraira ya ce ya gan shi ɗauke da buhu biyu da salkar mai a bayansa, shi da Aslam suna karɓa-karɓa, har suka isa wurin waɗansu gidaje wajen 20 na ƙabilar Muharib da ya tarar suna gasa fatar mushe, ya tuɓe mayafinsa ya dafa musu, sa'an nan ya aika aka kawo raƙuma aka kwaso su zuwa kusa da gari.

Wasiƙu da ayari

Da baitulmalin Madina ya ƙare, sai ya rubuta wa gwamnoninsa na Sham da Iraƙi da sauran ƙasashe wasiƙu gajeru masu zafi, yana neman ɗauki. Wanda ya fara isowa shi ne Abu Ubaida ɗan Jarrah daga Sham, da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. An ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya amsa da alkawarin ayarin da goshinsa zai isa Madina wutsiyarsa ba ta bar wurinsa ba. Ibn Kasir dai ya lura cewa a shekara ta 18 ba a riga an buɗe Masar ba, saboda haka ko dai an sami kuskure wajen ambaton Amru a wannan wuri, ko kuwa farin ya zo bayan shekarar da aka faɗa. Mun kawo wannan don ɗalibai kada su yi tuntuɓe da shi, ba ya rage kome daga abin da muke magana a kai.

Abu Ubaida ya gama rabon abin da ya kawo, Halifa ya sa a ba shi dirhami 4,000 ladan wahalarsa. Ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi, kada a shigar masa da duniya cikin aikin. Sayyidina Umar ya matsa masa, ya gaya masa cewa shi ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sa shi aiki ya biya shi, ya ƙi, aka umurce shi da ya karɓa, tun da ba roƙa ya yi ba. Mu a ganinmu dukansu biyu sun koyar. Ma'aikacin agaji ya tsarkake niyyarsa, hukuma kuma ta biya shi haƙƙinsa a fili da rasit, don kada ya biya kansa da kansa daga cikin buhunan marayu.

Ba duk ayarin ya bari ya shigo Madina ba. Ya aika mutane su tare shi a hanya su karkatar da shi zuwa ƙauyuka, domin a kai wa mutane abinci inda suke, kada kowa ya taso ya ƙara cunkoso a sansani. Umurnin da ya ba masu rabon kuwa abin mamaki ne wajen bin diddigi. Ya ce a ba kowane gida raƙumi da kayan da ke kansa, amma a tabbata an soke raƙumin, su ci naman, su shanya saura, su adana kitsen suna sa wa abinci kaɗan-kaɗan, mayafan da aka ƙunso garin a ciki kuma su zama abin rufarsu. Dalili shi ne ya san halin Balaraben ƙauye: in ka ba shi raƙumi da rai, gara ya kwana da yunwa shi da 'ya'yansa da ya yanka shi. Mai rabon da bai san halin waɗanda yake raba wa ba, shi ne ke kai wa mutanen da ba su da murhu ɗanyar shinkafa, ya ɗauki hoto, ya koma.

Har tuƙin tuwo bai raina ba. Ya wuce wata mata tana dama gari, ya ce mata ba haka ake yi ba, ya karɓi muciyar ya nuna mata. Yakan gaya wa mata kada su zuba gari sai ruwa ya yi zafi, sa'an nan su riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan suna tuƙawa, domin haka ya fi auki kuma ba ya gudaji. Uwayenmu mata za su yi dariya su ce wannan ai talge ne, kowace yarinya ta sani. Haka ne. Amma mutumin da rundunoninsa suka karya Farisa da Rum ne a tsugune gaban murhu yana lissafin aukin gari, domin ya san mudu ɗaya in ya yi auki ya ciyar da ƙarin yaro guda.

Cikin Halifa

Wata rana aka kawo masa gurasa da man shanu, ya kira wani baƙauye su ci tare. Ya ga mutumin yana bin gefen akushi yana suɗe maiƙo, ya tambaye shi, mutumin ya ce ya daɗe rabonsa da ya ci mai ko ya ga mai cinsa. Nan take Sayyidina Umar ya rantse ba zai ƙara ɗanɗana nama ko man shanu ko nono ba sai jama'a sun farfaɗo. Ya koma gurasa da man zaitun, abincin da cikinsa bai saba da shi ba, har cikin ya riƙa ƙugi, yakan dunguri cikin da yatsa ya gaya masa ya yi ta kukansa, ba shi da wani abu a wurinsa sai wannan. Waɗanda suka san shi da hasken fata sun ce a shekarar nan ya yi baƙi. Ya ga wani yaro na gidansa riƙe da kankana, ya yi masa faɗa har yaron ya fita da kuka. Aslam ya ce sun kasance suna cewa da Allah bai yaye farin nan ba, da baƙin cikin halin Musulmi ya kashe Umar.

Kada a ɗauki wannan a matsayin zuhudu kawai. Dalilin da ya bayar na mulki ne: ta yaya zai damu da halin talakawa in abin da ya taɓa su bai taɓa shi ba? Shugaban da ya ƙoshi yakan ga kamar mako ɗaya na jinkirin sa hannu a takarda ba wani abu ba ne. Har ya yi tanadin mataki na ƙarshe in abinci ya ƙare ƙaf, watau ya shigar wa kowane gida a Madina da baƙi daidai yawan mutanen gidan su raba abin da ke akwai, bisa hujjar cewa rabin ƙoshi ba ya kashe mutum.

Shari'a a lokacin tsanani

A shekarar nan bai aika masu karɓar zakkar dabbobi ba. Sai da ruwa ya sauka dabbobi suka murmure, sa'an nan ya aika su a shekara mai zuwa suka karɓi ta shekara biyu, ya ce a raba kashi ɗaya nan take ga matalautan wurin, a kawo masa ɗaya. Bai yafe haƙƙin Allah ba, jinkirta shi ya yi. Masu karɓar haraji da kuɗin rumfa, da attajirai masu bin ƙananan 'yan kasuwa bashin kaya, suna da abin dubawa a nan game da mutumin da ruwa ko gobara ta cinye wa jari.

Haka kuma bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa, domin yunwa shubuha ce, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha. Akwai wata shari'a da ya yi a zamanin halifancinsa, wadda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, da ke nuna inda yake ɗora laifi. Bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Har an ba da umurnin yanke musu hannu, sai Halifa ya gane ubangidansu ne yake barinsu da yunwa. Ya fasa, ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ko dirhami 400 ba ya sayarwa, sai ya ɗora wa ubangidan tarar 800. Wanda yake riƙe albashin leburori da masu gadi wata da watanni, sa'an nan ya yi mamakin yadda buhuna ke ɓacewa daga sito, ya auna kansa da wannan shari'a.

Ga 'yan kasuwa kuwa, maganar da ta fi shafarsu ita ce ta ɓoye abinci, kuma muna so a fahimce ta daidai, domin akan yi wa attajirai kuɗin goro a kanta. Sayen hatsi da kaka lokacin da ya wadata a ajiye shi, malaman Malikiyya ba su hana ba matuƙar bai cuci kasuwa ba. Hasali ma ajiya ita ce maganin yunwa, kamar yadda Suratu Yusuf ta ba mu labarin shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba Sarkin Masar, ta a tara amfanin shekara bakwai a bar shi cikin zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari. Manomanmu da ke jera dammunan gero cikin rumbu ba tare da sun sussuka ba, wannan ilmi suke aiki da shi. Sayyidina Umar ya hana ɓoye kaya a kasuwarsa, amma ya ɗauki falken da ya sha sanyi da rana ya kawo kaya daga nesa a matsayin baƙonsa, ya sayar yadda ya ga dama. Abin da aka haramta shi ne mutum ya ji gada ta karye ko gari ya nutse, ya bi kasuwa ya kwashe abin da ya rage ya kulle, yana jiran farashi ya ninka. Irin wannan hadisi ya kira shi mai saɓo, malamai kuma sun ce hukuma tana da ikon tilasta masa ya fito da kayan ya sayar a kan farashin da ya dace. Mai mota ko mai kwalekwalen da ke ninka kuɗi sau goma ga wanda ruwa ya kai wa wuya, ba mu ga bambancinsa da shi ba.

Duk wannan aiki yana tafe ne da addu'a. Ɗansa Abdullahi ya ce a shekarar nan mahaifinsa yakan shiga gida bayan lisha ya yi ta salla har ƙarshen dare, yana roƙon kada Allah Ya sa halakar al'ummar Annabi a hannunsa. Daga bisani ya fita da jama'a sallar roƙon ruwa cikin ƙasƙantar da kai, ya gabatar da Abbas, baffan Manzon Allah, ya yi addu'a, Allah kuwa Ya saukar da ruwa. Da ƙasa ta yi kore, ya sa masu kula da yankunan nan su mai da kowa ƙauyensa, da guzuri da abin hawa, bai bar sansanin ya zama unguwar mabarata ba. Amma kada mu ƙawata labarin fiye da yadda yake. Aslam, wanda aka yi kome a gabansa, ya ce mutuwa ta shiga cikin mutanen sansanin, a ƙiyasinsa kashi biyu cikin uku sun rasu. Wannan fa duk da Umar ne a kan aikin. Ɗauki in ya zo bayan jiki ya riga ya lalace, iyakar abin da yake iya cetowa ke nan.

Gudu daga ƙaddara zuwa ƙaddara

Mu komo ga kalmar nan ta ikon Allah, domin an taɓa yi wa Sayyidina Umar kansa irin wannan magana. A daidai wannan tsakani annoba ta ɓarke a Sham, wadda ake kira annobar Amwas. Yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya isa wani wuri da ake kira Sarag, sai shugabannin runduna suka tarye shi da labari. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansaru suka saɓa, ya kira dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Da ya yi shelar komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya amsa masa cewa ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, ai da ƙaddarar Allah ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya ce yana da ilmi a kan wannan daga Manzon Allah, cewa ba a shiga ƙasar da annoba ta faɗa, wanda yake ciki kuma ba ya fita don gudunta.

Annobar nan ta ci Musulmi wajen 25,000, cikinsu har da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal da Yazidu ɗan Abi Sufyan. Da jagoranci ya komo hannun Amru ɗan Asi, ya kwatanta ta da wuta mai cin abin da ta tarar a haɗe, ya umurci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, Allah kuma Ya ɗauke ta.

Makiyayin da ya ga ciyawa ya kora dabbobinsa ƙeƙasasshen gefe, ba wanda zai kira shi mai tawakkali. Mu kuwa an nuna mana gefen kwarin tun da wuri. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da koguna takan fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu, hukumar agajin gaggawa ta NEMA kuma tun 1999 aka kafa ta. Duk da haka ambaliyar 2012 ta ci rai 363, ta 2022 ta ci fiye da 600, ta garin Mokwa a watan Mayu na 2025 ta ci fiye da 150 cikin safiya ɗaya. Takardar gargaɗi takan iso ofis, a buga mata hatimi, a sa ta cikin fayil. Jami'in da ya sa hannu aka yanka filaye a kan hanyar ruwa, da Alhajin da ya saya ya gina shaguna, da mu da muke juye shara cikin lambatu, duk muna cikin sahun masu cewa ikon Allah ne ranar jaje. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan ruwa ya sauka

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihin nan shi ne abin da Sayyidina Umar ya yi bayan an daina kuka, lokacin da yawancin shugabanni kan manta. Ya kafa gidan ajiya da aka sani da Gidan Gari, inda ake tara gari da dabino da zabibi saboda baƙo da wanda guzuri ya yanke wa, ya kuma ajiye irin wannan tanadi a hanyar Makka zuwa Madina. Da ya tashi yanka wa jama'a abincin wata, bai yi ƙiyasi da ka ba. Ya sa aka ɗauki ma'auni ɗaya na alkama, wanda ake kira jaribi, aka niƙa aka gasa, aka kira mutum 30 suka ci da rana suka ƙoshi, aka sake yin haka da dare. Da wannan ya gane jaribi biyu ke isar mutum ɗaya a wata, ya yanka wa kowa haka, namiji da mace da bawa.

Sa'an nan ya dubi asalin matsalar, watau Hijaz ƙasa ce da ba ta iya ciyar da kanta, ayarin raƙuma kuwa yana da tsada da jinkiri. Bayan an buɗe Masar, ya umurci Amru ɗan Asi ya sake haƙa wata tsohuwar hanyar ruwa da ta cike tun zamanin Rumawa, daga kogin Nilu kusa da Fusɗaɗ zuwa Ƙulzum a bakin Bahar Maliya, wajen da garin Suwes yake a yau. Shekara ba ta zagayo ba sai da jirage suka bi ta, aka sa mata suna Mashigin Amirul Muminina. Jiragen alkama suka riƙa sauka a Jar, tashar jiragen ruwa ta Madina. Halifa ya je da kansa ya tarye su, ya sa aka gina ɗakunan ajiya, aka rubuta wa mutane takardun rabo da hatimi, kowa da abin da zai karɓa.

Ko a nan ma sai da 'yan kasuwa suka gwada halinsu. Hakimu ɗan Hizam ya sayi abincin da aka yanka wa mutane, ya sayar da shi tun bai karɓa a hannunsa ba. Labari ya kai ga Sayyidina Umar, ya warware cinikin, ya hana shi sayar da abincin da ya saya sai ya karɓe shi tukuna. Masu sayen katin rabon agaji a hannun mabukata da rabin kuɗi, su san an riga su, an kuma riga an yanke hukunci.

Alkamar Masar ta ci gaba da bin mashigin nan zuwa Makka da Madina shekaru da dama, har bayan zamanin Umar ɗan Abdul'aziz. Waɗansu masu tarihi sun ce Halifa Mansur na Abbasiyawa ne ya sa aka toshe shi, don ya yanke wa mutanen Madina abinci sa'ad da suka yi masa tawaye. Ibn Abdul Hakam, marubucin tarihin buɗe Masar, shi kuwa cewa ya yi gwamnonin da suka biyo baya ne suka yi sakaci da shi, aka daina yashe shi, rairayi ya rinjaye shi ya yanke. Guntun da ya rage a cikin Alƙahira ya ci gaba da ɗaukar ruwa har ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da aka cike shi aka shimfiɗa titi a kansa, wanda a yau ake kira Titin Port Said.